Baba ya hana ni tafiyar bishara zuwa Nijar, ni kuwa ina jin kira ne

Mama, gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Ni ɗaliba ce a Jami'ar Ahmadu Bello (ABU) Zariya, ina aji uku a sashen koyon aikin jinya, gidanmu kuma a Wusasa yake. Ƙungiyarmu ta zumuntar ɗalibai tana shirya tafiyar bishara zuwa Jamhuriyar Nijar a dogon hutu mai zuwa, mako shida a yankin Maraɗi. Za mu taimaka a wani ƙaramin asibitin mishan, mu koyar da yara, mu fita wa'azi ƙauyuka. An zaɓe ni ne don Hausa harshena ce, yawancin sauran ba sa ji sosai. Tun ranar da aka sanar, zuciyata ta kasa kwanciya, na tabbata Allah ne ke kirana. Amma Baba ya ce ba da yawunsa ba. Ya ce hanya ba lafiya, bai san waɗanda za su karɓe mu ba, ga shi ni 'ya mace ce. Mahaifiyata ba ta ce komai ba, sai kuka. Kuɗin tafiya ba ni da shi, sai kuɗin rajistar shekara mai zuwa da kawuna ya riga ya turo. Shugabanmu ya ce in ba da shi cikin bangaskiya Allah zai mayar, ya kuma tuna min cewa wanda ya fi son uwa ko uba a kan Yesu bai cancanci zama nasa ba. Ƙawata ta ce in gaya wa Baba an tura mu aiki asibitin koyarwa na ABU da ke Shika ne a hutun, in na dawo lafiya magana ta ƙare. Mama, wa zan bi, Allah ko Baba?

'Yarki daga Samaru

'Yata, na ji daɗin wasiƙarki, har cikin raina. Yarinya mai shekarunki da ke rasa barci saboda mutanen da ba ta taɓa gani ba, abin gode wa Allah ce, kada ki bari kowa ya raina miki wannan. Amma tambayar da kika rufe da ita ban yarda da ita ba. Wani ne ya ɗora miki ita a haka, har kika fara ganin Allah yana gefe guda, mahaifinki yana ɗaya gefen. Na karanta abin da kika rubuto sau da yawa, ban ga inda babanki ya tsaya gaba da Allah ba.

Shawarar ƙawarki ki yar da ita yau. Daga Wusasa zuwa Shika ba tafiya ba ce, ranar da kewarki ta kama mahaifiyarki za ta dafa abinci ta hau mota ta je nemanki. Ko ba haka ba, a Wusasa kowa ya san kowa, kuma hotunan tafiyar za su hau Facebook tun ba ku tsallaka iyaka ba. Abin da ya fi tsorata ni shi ne, idan zazzaɓi ya kayar da ke a wani ƙauye a bayan Maraɗi, ko aka tsare motarku a hanya, wa zai buga wa babanki waya, me kuma zai ce masa? Sannan da wane baki za ki tsaya gaban yaran can kina koya musu gaskiya, alhali ƙarya ce ta kawo ki?

Kuɗin kawunki kuwa ba naki ba ne da za ki yi kyauta da shi. Amana ce, ya turo ta don abu guda, kuma kin san ba daga sama ya tsinto ba. Ki buɗe Markus sura 7. Can Yesu ya tsawata wa malaman da suka koya wa mutane cewa idan mutum ya ce abin da ya kamata ya taimaki iyayensa da shi ya keɓe wa Allah, to hakkin iyayen ya sauka daga kansa. Yesu ya ce da wannan dabara sun soke umarnin Allah ne. Dubi kuma yadda Bulus ya yi da gudummawar da aka tara wa 'yan'uwa na Urushalima, a 2 Korintiyawa sura 8. Bai yarda ya ɗauki kuɗin shi kaɗai ba, sai da aka haɗa shi da mutumin da ikilisiyoyi suka zaɓa, don kada a sami abin zargi ko a gaban Allah ko a gaban mutane. In manzo ya yi wannan taka-tsantsan, ɗaliban jami'a ba su fi ƙarfinsa ba. Ba na zagin shugabanku, na ɗauka shi ma yaro ne mai himma. Amma ki tambaye shi cikin ladabi: idan aka rufe rajista kuɗin bai dawo ba, shi zai biya? Mutum yana gwada bangaskiya da aljihunsa ne, ba da gumin wani ba.

Ayar da ya karanta miki ita ce ta fi yi min zafi. Matiyu sura 10 magana ce ta tsanani. Yesu yana gaya wa almajiransa cewa za a kai su gaban majalisa, ɗan'uwa zai ba da ɗan'uwansa a kashe, gida zai rabu saboda sunansa. A ƙasar nan tamu akwai mutanen da wannan aya ta zama rayuwarsu, waɗanda aka kora daga gida, aka raba su da 'ya'yansu, don sun ce za su bi Almasihu. Ke kuwa mutumin da ake jefa wa ayar shi ne ya riƙe hannunki ya kai ki majami'a tun kina ƙarama. Bai ce ki bar Yesu ba. Cewa ya yi hanya ba lafiya, kuma bai san masu masaukinku ba. Ɗaukar wannan aya a buga wa uba irin wannan rashin adalci ne gare shi, raini ne kuma ga waɗanda suka sha wuyar gaske.

Yanzu mu dubi abin da ya faɗa ɗin, don ni ma da 'yata ce irin tambayoyin da zan yi ke nan. Daga Zariya zuwa Maraɗi, ko kun bi ta Funtuwa ko ta Kano, sai kun isa Katsina, ku bi ta Jibiya, ku tsallaka a Magama zuwa Ɗan Isa. Ba sai na gaya miki abin da 'yan bindiga suka yi wa yankin Jibiya a shekarun nan ba, babanki yana sauraron rediyo. A Nijar ɗin ma al'amura sun sauya. Ranar 26 ga Yuli 2023 sojoji suka kifar da gwamnatin Bazoum, cikin 'yan kwanaki Najeriya ta rufe iyaka, ba a ba da umarnin buɗe ta ba sai Maris 2024. Ki lura da watan juyin mulkin: tsakiyar lokacin da ɗalibai suka saba irin wannan tafiya ne. Duk wanda ya shiga a farkon Yulin shekarar da niyyar mako shida, da ya ga yadda dawowa gida ke zama aiki. A Janairu 2025 kuma Nijar ta kammala ficewa daga ECOWAS, don haka kada kowa ya ce muku "ai Nijar gida ce, haka kawai ake shiga". A je ofishin shige da fice a tambayi takardun da ake nema yanzu, kowa ya riƙe fasfonsa da katin allurar rigakafin cutar shawara. Ga damina, lokacin da zazzaɓin cizon sauro ya fi yawa. Ga kuma kalandar jami'o'inmu da ba ta da tabbas; a 2022 yajin aikin malamai ya ci wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba, kuma bayan irin wannan hutu kan gajarce. Ke da kike da zuwa asibiti koyon aiki, kin tabbatar da sashenku cewa mako shidan nan naki ne?

Ba na cewa don haka ba wanda zai je. Mutane suna zuwa kullum, 'yan kasuwa, masu ziyarar dangi, ma'aikatan bishara. Amma masu hankali a cikinsu sun san motar da za su shiga, da ƙarfe nawa, da gidan da za su kwana, da wanda za su kira in abu ya faru. Yesu da kansa ya ce a Luka sura 14 mai son gina hasumiya ya fara zama ya yi lissafi. Idan masu shirya tafiyarku ba za su iya rubuta waɗannan a takarda guda su miƙa wa uba ba, to ba babanki ne ke da ƙarancin bangaskiya ba, su ne ba su gama shiri ba.

Maganar cewa ke 'ya mace ce, a nan zan ɗan ja da Baba, da girmamawa. Da a ce wannan ne kaɗai dalilinsa, da na ce a tuna masa da Biriskila da Fibi, a tuna masa da matan da suka riƙe asibiti da makaranta a Wusasa ɗin da yake zaune. Amma ina jin abin da yake nufi ya fi haka sauƙi: ina 'yan matan za su kwana, akwai babbar mace a cikin tafiyar, ko samari ne zalla ke jagora? Wannan tambaya ce mai kyau, kuma dole a amsa ta.

Akwai abin da ba ki tambaye ni ba amma sai na faɗa, don ya shafi ko za ki je bana ko wata shekara. Ba ku ne za ku kai Yesu Nijar ba. 'Yan mishan na ƙungiyar SIM (Sudan Interior Mission) sun fara aiki a ƙasar tun shekarun 1920, asibitinsu na Galmi a jihar Tawa yana karɓar marasa lafiya tun 1950, har daga Najeriya ake zuwa. A Danja kusa da Maraɗi akwai asibitin masu cutar kuturta da wurin kula da mata masu yoyon fitsari. Akwai ikilisiyoyi da fastoci 'yan ƙasa, 'yan tsiraru ne ƙwarai a cikin al'ummar Musulmi, kuma sun san yadda suke zama da maƙwabtansu. Sun kuma san wuya: a Janairu 2015 an ƙona majami'u da yawa a Damagaram da Yamai cikin kwana biyu. Ku mako shida za ku yi ku dawo Samaru ku ba da shaida, su ne za su zauna da duk abin da kuka bari. Baƙon da ya kafa lasifika a bakin kasuwa ya faɗi maganar da ta taɓa addinin mutane, ya hau mota ya tafi, faston ƙauyen ne da matarsa da 'ya'yansa za su biya. Shi ya sa tambayar da ta fi kowace muhimmanci ita ce: wa ya gayyace ku? Ikilisiyar can ce ta ce ku zo, ta faɗi abin da take so ku yi, ko ku ne kuka zauna a nan kuka tsara mata?

Ke kuma nauyinki ya fi na kowa a tawagar, tunda ke ce bakinsu. Abin da ɗan'uwa ya faɗa da Turanci ba shi mutanen ƙauye za su ji ba, abin da ya fito daga bakinki za su ji, ke za su kalla. Ke kika san ba a shiga gari sai an gaida mai gari, ba a miƙa wa dattijo hannu haka kawai, ba a shiga gidan mutum kai tsaye, kin san suturar da za ta sa a saurare ki. In wani ya ɗaga waya zai ɗauki hoton yaro mai tamowa don a sa a intanet, ke ce za ki ce a'a, wannan ɗan wani ne. A asibiti kuma ki tuna har yanzu ɗaliba ce ke, ba ki da lasisi. Abin da ba a barin ki yi a Shika sai da mai duba ki, kada ki yi shi a Nijar don kawai mutanen talakawa ne ba mai tambaya. Kuma kada a mai da magani abin ciniki, a ce sai ka saurari wa'azi za a duba ka. Mara lafiya a duba shi don ba shi da lafiya. Mutane suna gane ƙaunar da ba ta da sharaɗi, su da kansu za su tambaye ki dalili.

To yaya za a yi da Baba? Kada ki koma masa da ayoyi, kada kuma ki koma da kumburin fuska. Ki fara da mahaifiyarki. Kukan nan nata magana ce, ki zauna da ita a ɗaki ki ji me take tsoro, wataƙila ta san abin da ke zuciyar mijinta fiye da abin da ya furta. Sannan ki je wa shugabanninku ki ce a ba ki komai a rubuce: sunan ikilisiya ko mishan da ta gayyace ku, sunan faston da zai karɓe ku da lambarsa, hanya da ranaku, masauki, babban da zai raka ku, yadda za a yi in wani ya kwanta ciwo, da lissafin kuɗi dalla-dalla. Ki kai wa fastonku na gida ya gani. A Ayyukan Manzanni sura 13, ko Bulus da Barnaba ba su tashi da kansu ba, ikilisiyar Antakiya ce ta yi azumi da addu'a ta ɗora musu hannu ta sallame su. Timoti ma sai da 'yan'uwa na Listira da Ikoniya suka yi masa kyakkyawar shaida kafin Bulus ya tafi da shi. In ikilisiyarku ta gamsu, kuɗin ma daga nan zai fito. Na sha ganin abin da zumuntar mata ke iya tarawa idan suka yarda 'yarsu ce za a aika.

Bayan haka a sami babba, fasto ko dattijon ikilisiya ko malamin jami'ar da ke uban ƙungiyarku, ya tako har gida ya gaida Baba, ya zauna ya amsa masa tambayoyinsa ɗaya bayan ɗaya. In zai yiwu a haɗa shi a waya da faston can, su gaisa da Hausa, ya ji muryar mutumin da zai ba amanar 'yarsa. Iyaye da yawa da suka ce a'a, ba tafiyar suka ƙi ba, yadda aka kawo musu ita suka ƙi: yara sun gama shawara a makaranta, sannan aka zo ana sanar da su kamar ba su da ta cewa. Kawunki ma ki gaya masa halin da ake ciki da bakinki. In ya ga dama ya ƙara miki wani abu don tafiyar, wannan kyautarsa ce.

Idan an yi duk wannan Baba ya sa albarka, ki tafi da farin ciki, zan yi miki addu'a. Idan kuma ya ce har yanzu a'a, shawarata ki zauna bana. Na san zai yi ciwo, musamman ranar da motar za ta tashi ba ke. Amma rufewar ƙofa ba ta nufin ba a kira ki ba. A Ayyukan Manzanni sura 16 Bulus ya so shiga Asiya aka hana shi, ya nufi Bitiniya aka sake hana shi, kuma Ruhu ne ya hana. Ke 'yar Wusasa ce, kin san labarin Likita Mila (Walter Miller), Baturen mishan ɗin nan. Sai da ya je Tarabulus ta Libiya ya zauna koyon Hausa kafin ya shigo ƙasar nan. Da suka isa Kano a 1900 tare da Bishop Tugwell, Sarki ya sallame su. Bai sami zama a birnin Zariya ba sai 1905, mishan ba ta koma Wusasa ba sai 1929, cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa da ya sha wahala a kansa bai fito ba sai 1932. Sauri kan haifi nawa, 'yata. Kiran da ba zai iya jiran shekara biyu ba, da ma zumuɗi ne, na gaske kuwa za ki same shi yana nan ranar da kika karɓi takardarki.

Kuma ki duba da kyau abin da wuraren nan suka fi buƙata. Asibiti irin na Galmi ko Danja ya fi amfana da ƙwararriyar ma'aikaciyar jinya mai jin Hausa da za ta zauna shekaru, fiye da ɗaliba ta mako shida wadda sai an bi ta ana nuna mata komai. Kuɗin rajistar da ake so ki sadaukar shi ne hanyar zama wannan ma'aikaciyar. Ki gama karatunki da kyau. Ki fara koyon Faransanci, don takardun asibiti da na hukuma a can da shi ake yawan rubuta su, ga sashen Faransanci nan a Samaru kusa da ke. In kin gama hidimar ƙasa zuciyarki tana nan, akwai ƙungiyoyin da aikinsu ke nan, suna horar da mutum kafin su aika shi. EMS, ƙungiyar mishan ta ikilisiyar ECWA, tana aika 'yan ƙasa tun 1948, CAPRO kuma a Zariyar nan matasa suka kafa ta a 1975. A lokacin kin zama babba mai cin gashin kanta, kuma in ma Baba yana da sauran damuwa, magana ce ta manya biyu, a fili, ba ɓoye-ɓoye.

Hutun bana kuwa ba zai tafi a banza ba sai in kin so. Ki koya wa 'yan tawagar gaisuwa da Hausar da za ta fisshe su, da abin da ake yi da wanda ba a yi, tun kafin su tashi. Ki tambaya a asibitin St. Luke na Wusasa ko suna son mai taimako. Ƙananan ikilisiyoyin ƙauyukan Giwa da Soba da Ikara suna da yara da yawa da ba mai koya musu karatu a hutu, fastonku zai san inda ya dace da inda hanya ke da lafiya, kuma da wuya Baba ya hana ki wurin da zai iya zuwa ya gan ki.

A makon nan ki gaya wa ƙawarki ba za ki yi ƙaryar ba, ki gaya wa shugabanku kuɗin ba naki ba ne, ki kuma karɓo takardar bayanan nan. Ranar da aka buɗe rajista ki biya kafin komai. Ki sake rubuto min abin da faston can ya ce da abin da Baba ya amsa, sai mu ga mataki na gaba. Ki gaida min mahaifiyarki.